Allurar da Leilua Ta Yi wa Dattijo Tolo

Wayyo Leilua! Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, ta ajiye tukunyar gwazarta mai ruwan kwakwa cikin jerin abincin 'yan asalin tsibirin Samoa na unguwarsu ta Logan, kamar yadda ta saba. Aka ci na kowa, aka suɗe kwanon kowa, nata ko cokali bai taɓa ba... Wata mata ma ta fizge jikanta tana cewa, "Matso nan, kai! Hannun da ya kashe Tolo ne ya dafa." Leilua ta ɗauki tukunyarta da sauran zafinta, hawaye na ɗiga a kan murfin. Marainiya ce, mutanen cocin nan su suka rene ta har ta zama nas mai jinyar waɗanda cutarsu ta gagari magani, yau ga shi su ne ke yi mata kallon mai kisan kai.

Dattijo Tolo shi ne shugaban zuriyarsu, ciwon daji ya ci shi har ƙashi. In ciwon ya motsa, har titi ake jin ihunsa. Likita ya ba da umarnin allurar rage zafi, ya kuma gaya wa iyalin cewa tana iya sa shi barcin da ba lallai ya farka ba. Amma babban ɗansa Uili ya kasa ya tsare. Maganar ƙarshe ta shugaba tana da nauyi sosai wajen dangi in za su ba da sarauta, shi kuwa ita kaɗai yake jira. Da Leilua, wadda ke jinyar tsohon, ta ɗauko allurar, sai ya tare ta.

"Ke 'yar asibiti, mayar da tarkacenki jaka! Ba mai sa shi barci sai ya ambaci sunana."

"Haba Yaya Uili, dubi yadda yake cizon matashi..."

"Ya cije! Ai namiji ne."

Uili na fita amsa waya, tsohon ya damƙi hannun rigarta. "'Yata... don Allah... na gaji." Leilua ta yi masa allurar. Fuskarsa ta saki, barci ya ɗauke shi, kuma a cikin barcin nan Ubangiji ya karɓi abinsa, bai ambaci sunan kowa ba.

Ko gama makoki ba a yi ba Uili ya kai ta ga 'yan sanda. Aka dakatar da ita daga aiki, aka cire ta daga mawaƙan coci, saurayinta ya daina ɗaukar wayarta. Fuatino, matar marigayin, wadda aka yi komai a kan idonta, ta ja bakinta ta tsuke, don uwa ba ta tona asirin ɗanta a gaban baƙi. Leilua ta rame ta lalace, kullum tana durƙushe tana kuka. "Ya Ubangiji, Ka san ban nufe shi da mutuwa ba... zafi kawai na ɗauke masa!"

Ranar zaman bincike Uili ya zo da furanni a wuya, yana zuba ƙarya har da matsar hawaye. Leilua ta tashi za ta yi magana. Sai aka ji ƙarar sanda a ƙasa. Fuatino ce ta miƙe, dogare da sandarta.

"Ni na haife shi, amma yau zan faɗa. Ubansa na kuka kamar jariri, shi yana jiran sarauta! Mijina da bakinsa ya roƙi yarinyar nan."

Mai binciken ya ce doka a fili take: wanda ya rage wa majinyaci zafi da umarnin likita da kyakkyawar niyya ba shi da laifi, ko da allurar ta kusanto da ajali. Leilua ta zube tana kuka, wannan karon na farin ciki.

Dangi suka ba ƙanwar Uili sarautar. Wata rana da sassafe Leilua ta buɗe ƙofa, ta iske Uili durƙushe cikin raɓa, an lulluɓe shi da tabarmar neman gafara kamar yadda al'adarsu take, 'yan coci zaune a bayansa kawunansu a ƙasa. In ba ta ɗaga tabarmar ba, a nan zai wuni cikin rana. Ta daɗe tana tsaye, zuciyarta na tafasa... sannan ta sunkuya ta yaye ta.

Fuatino ta kama hannun nan da aka ce ya yi kisa, ta manna shi a kumatunta.

"'Yata, ranar da tawa ta zo, ke nake so a kira."