Ranar da Lauya Ya Kare Ɓangaren Baba

Auta na tsaye gaban madubin falo, yatsa a sama, tana zazzaga wa hotonta Turanci. Mama da ke guga a gefe ta ce in da madubin nan yana da baki, da tuni ya nemi sulhu. Gasar muhawara ta jami'o'i ce ta kai zagayen ƙarshe, Auta ce kuma mai buɗe wa ƙungiyarsu magana. Mai horar da su saurayinta ne, wanda kowa ke kira Lauya. Bai taɓa karanta shari'a ba, sunan ya bi shi ne don ba a taɓa kayar da shi a gardama ba. Shi ya koya musu kalmomin shiga zance: yadda ake karɓar magana ba tare da an fizge ta ba, da yadda ake ƙin yarda cikin ladabi. Maganar aurensu ma har ta kai gaban manya.

Baba ya dawo daga shagonsa na kayan gini, ƙurar siminti a ƙafar wandonsa. Ya zauna ya ce ya yi tunani, tunda a wani gari za a yi gasar, kuma har da kwana a otel, Auta ba za ta je ba. Bai gama rufe baki ba yatsan nan na Auta ya tashi da kansa.

"With due respect, Baba, I beg to differ—"

Mama har ta manta dutsen guga a kan riga. Baba ba ya jin Turanci sai na rasit, don haka ya juya ga Yaya, babban ɗansa. Shi kuwa Yaya yana ƙullace da Lauya tun ranar da ya tsinka shi a musun ƙwallo, sai ya fassara har da ƙarin gishiri, wai ta ce Baba bai san abin da yake faɗa ba. Auta ta yi rantsuwa tana kuka cewa kalmar girmamawa ce. Baba ya ce shi bai taɓa ganin girmamawar da ake yi wa uba da yatsa a sama ba, kuma ya san wanda ya koya mata.

Washegari Lauya ya tafi shago ba da haƙuri. Ya sami Baba yana auna ƙusa a sikeli, abokansa na kan benci tsakanin gwangwanayen fenti. Ya gaishe su da ladabi, ya fara da kyau. Sai Baba ya ce wannan muhawara ba komai ba ce illa koya wa 'ya'yan mutane fitsara. To mai hali ba ya fasa halinsa. Lauya ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya ce, "Point of correction, Baba." Ya kawo hujja ta farko, ya kawo ta biyu, ya rufe da ta uku, duk inda dattijon ya bi ya tare shi. Wani mai sayen fenti, marar tunani, har da tafa masa. Takaicin shi ne Lauya murmushi yake yi, a zatonsa ya gyara al'amari.

Baba ya ajiye ƙusoshin a fusace.

"Ka ci gardama, yaro. Ɗauke ta ka kai gida, ita za ka aura."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Gasa ta zo ta wuce ba ita. Ba ta yi wa Baba gaba ba, kullum ita ke kai masa kular abinci shago, ko da ba ya ɗaga ido ya dube ta. Wata rana ta tambayi Mama me ya yi zafi haka. Mama ta nuna mata ƙofar ɗakin baya da haɓa. A nan Anti take, babbar 'yar gidan, wadda ta auri wani mai zaƙin baki. Duk saɓanin da suka yi, shi ke da gaskiya, ko a gaban Baba aka zo sulhu sai ya ɗaure kowa da magana. Anti ta dawo gida ba ta iya cewa ko "ban yarda ba," yanzu in an tambaye ta shayi ko ruwa, sai ta ce duk wanda aka ba ta.

Da Lauya ya kira Auta a waya yana lissafa mata cewa babu inda ya faɗi ƙarya a shagon, sai ta sauke masa duk haushin da ta tara. Ta ce masa ya yi gaskiya a komai, shi ya sa ya rasa ta. Ta ba shi labarin Anti. Ta tuna masa dokar da shi da kansa yake kafa musu, cewa a muhawara ba mutum ke zaɓen ɓangare ba, ƙuri'a ake jefawa, kuma duk wanda ya faɗo maka sai ka kare shi ko kana ƙinsa.

"To ƙuri'a ta ba ka ɓangaren Baba. Kada ka sake kirana sai ka iya kare shi."

Ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa, ya ce an raina iliminsa. Amma so ba ya jin hujja. Bayan wasu watanni ya sake bayyana a shagon, a rame, daidai lokacin da Auta ta kawo abinci. Abokan Baba na nan kan bencinsu. Bai tsaya a tsaye ba, ya zauna ƙasa kusa da buhunan siminti.

"Baba, in na fahimce ka daidai, ba Turanci ne ya ɓata maka rai ba. Tsoro kake ji. Mutumin da bai taɓa faɗuwa a gardama ba, matarsa ce za ta riƙa faɗuwa kullum, har ta daina magana."

Ya ci gaba da kawo hujjoji a kan kansa, bai rage komai ba. Ya ce wanda ya iya kunyata dattijo a gaban abokansa yana murmushi, me zai yi wa mace a ɗaki inda ba mai gani? Baba ya so ya gwada shi, ya ce ai Turancin nasa ma na bogi ne, Yaya ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Kowa ya ga yatsan Lauya ya motsa ya fara tashi. Ya kama shi da ɗaya hannun ya danne a ƙarƙashin cinyarsa, ya ce mai yiwuwa ne. Wani a bencin ya toshe baki don dariya.

"Saboda haka," in ji Lauya, "da ni ne kai, Baba, ba zan ba mutum irina ita ba."

Auta ta ji kamar ta kwaɗa masa kular, ita ba ta ce ya kare ɓangaren har ya yanka su duka ba. Hawaye suka zubo mata. Baba ya daɗe yana kallon sikelinsa, sannan ya dube ta, karo na farko tun ranar falo.

"Ke, me kika ce min ran nan?"

Ta faɗa a hankali, kanta a sunkuye. Baba ya juya ga Lauya, ya ɗaga yatsansa mai ƙurar siminti sama.

"To, wit diyu rispek, ai beg tu difa."

Shagon ya kaure da dariya, Auta na dariya tana kuka. Ranar ɗaurin auren Auta da Lauya, Anti da kanta ta ce ba ta yarda da kalar labulen da aka zaɓa ba, Baba kuwa ya sa aka canza nan take.

Ku masu koyon kalmomin muhawara, ku koye su, suna da amfani. Amma ku sani a gida ba a raba kofi, kuma wanda ya kayar da nasa a gardama shi ma ya faɗi. Haƙurin Auta da sauraron da Lauya ya koya ne suka ɗaura wannan aure.