Iskar Tankin Ƙasa

Gab da magariba foman ya aike ni in kwaso igiyoyin da muka bari a bakin tankin ƙasa. Ni da na shekara ashirin da uku ina walda, ni aka mayar ɗan aike. Na tafi ina tsaki.

Kwana uku ke nan kamfani ya tsayar mana da aikin gini, wai ana koya mana yadda ake shiga rami. Mu da muka tsufa a rami! Wadda aka kawo ta koyar da mu wata 'yar siririyar mata ce, hular kwanonta ta yi mata yawa, takalminta ko siminti bai taɓa takawa ba. Tun ranar farko muka laƙaba mata Malama Takarda, don ba ta buɗe baki sai da takarda a hannu. Kafin ka shiga, takarda. Ka fito, takarda. Birkilanmu har ya tambaye ta ko bayan gida ma sai ta sa hannu, tunda shi ma matsattsen wuri ne.

Ta ce abin da ke kashe mutum a rami ba a ganinsa, muguwar iska ce. Muka ce ai kakanninmu sun riga ta sani, su iskoki suke cewa, kuma ba su je makaranta ba. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗaga wata na'ura kamar wayar hannu mai auna iskar numfashi. In mai tsaron baki ya kira ka, in ji ta, kada ka ce lafiya lau, lambar da na'ura ta nuna za ka karanto, don wanda iska ta fara ci ma lafiya lau yake cewa. Sannan babbar dokarta: mai tsaron baki ba ya sauka, ko wa ya faɗi a ciki. Ya juya injin igiya, ya yi ihu a kawo ɗauki, shi ke nan.

"Ko ɗan'uwanka ne?" na tambaye ta.

"Musamman ma ɗan'uwanka," ta ce.

Na ce a raina, wannan ba ta san zumunci ba, a littafi ta karanta shi. Ƙanina yana gefena a lokacin. Shi ke haɗa bututun ruwa a ginin, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ni na kawo shi aikin. Duk da gemunsa da 'ya'yansa biyu, Inna ba ta taɓa sallamarmu ba tare da ta ce min, "Ga amanar ƙaninka nan" ba. Ga shi da taurin kai kamar jaki. Ko sifana ce ta faɗa rijiya, sai ya bi ta.

A wannan rana ta ƙarshe aka kai mu tankin ruwan da ke ƙarƙashin ginin don gwaji. Wata biyar yana rufe, busasshe, bakinsa bai fi faɗin tire ba. Malama Takarda ta zura na'urarta da zare. Tun ba ta kai ƙasa ba ta fara kuka kamar tsako. Ta ce ba mai shiga. Maimakon mutum, aka zura mutum-mutumin yashi da take yawo da shi, wanda muke kira Ango, muka yi ta jan shi muna mayarwa da injin da ke rataye a ƙarfe mai ƙafa uku. Manyan magidanta, muna ceton buhu. Da foman ya kira mu rabon takardar shaida, muka bar Ango a ƙasa muka watse. Ɗamarar da ta sa muka ɗaura tun safe, mai zobe a gadon baya kamar ta akuyar da za a kai kasuwa, tana jikina, don wai sai ta ƙirga da kanta za a cire.

Haka na gangara ƙarƙashin ginin. Injin wuta a kashe. Daga sama ina jin ƙarar butoci da dariyar abokan aiki, can nesa. Wurin yana warin danshi da sabon siminti.

Hular ƙanina na fara gani, a kife a bakin tankin. Na san ta, ni na ƙona mata gefe da walda.

Sai igiyar da ke riƙe da Ango ta motsa.

Na tsaya. Babu iska a wurin, ko tsinke ba ya motsi. Igiyar ta sake girgiza, sau uku, a jere. A darasin Malama, uku na nufin a ja ni.

"Yaya."

Daga ƙasa muryar ta fito. A shaƙe, a hankali.

Na durƙusa na haska tocila. Hasken bai kai ƙasa ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi fuskata.

"Kai! Me ya kai ka ciki?"

"Yaya, sauko."

Muryarsa ce. Har da ɗan kakin da yake yi kafin ya yi magana. Inna kawai nake gani. Na kama hannun injin na juya, ya ƙi motsi, kamar an ɗaure igiyar da gindin gini.

"Ƙafata, Yaya. Sauko."

Na zura ƙafa a tsani. Dokar takarda can ga mai takarda.

Mataki ɗaya. Ƙarfen da sanyi, da santsi. Biyu. Uku. Kaina ya shige ƙarƙashin bakin, dariyar sama ta yanke ɗif.

Warin ya ɓace.

Na ji daɗi, na ce iska ta gyaru. Sai na tuna Malama ta ce in warin ya ɓace, hancinka ne ya mutu.

Wani abu ya yi ƙas a gadon bayana. Ƙugiya. Na ɗaga kai, ga Malama Takarda kwance rub da ciki a kan siminti, ta maƙala min igiya ta biyu, mai nata injin daban. Ashe ƙirgar ɗamararta ce ba ta cika ba, shi ya sa ta biyo ni.

"Ƙanina ne," na ce. Harshena ya yi nauyi.

"Tambaye shi lamba," ta raɗa.

Na'urarta tana rataye a ƙirjin Ango tun rana, da ɗan haskenta. Duk mai ido a ƙasan nan zai gani.

"Nawa na'ura ta nuna?"

Na kasa kunne.

"Lafiya lau, Yaya. Sauko."

Yanzu ba daga ƙasa ba. Daga matakin da ke ƙarƙashin ƙafata.

Na ji yatsu a idon sawuna. Dogaye. Sun zagaye takalmin har sun haɗu.

Hannuna ya saki tsani.

Ban faɗi ba. Ɗamarar ta cije ni a hammata, na yi lilo na bugi bango. Sama ana juya inji, ƙiƙi-ƙiƙi, ƙasa ana ja. Ina jin Malama tana ihun a kawo ɗauki, da wata irin murya da ban san 'yar jikin nan tana da ita ba. Ba ta sauko ba. Takalmina na hagu ya zare, ban ji faɗuwarsa ba.

Da na farfaɗo, ina kwance a kan siminti, wani yana zuba min ruwa. Ƙanina ne, fuskarsa jiƙe da alwala, buta a hannu.

"Yaya, me ya kai ka ciki?"

Ya ce hularsa tun rana ya manta ta a can.

Washegari aka sa fanka ta yi ta hura tankin har azahar. Injin ya juyu sumul, Ango ya fito. Takalmina yana ƙafarsa ta hagu, an ɗaure igiyar takalmin tsaf.

Likita ya ce gubar iska ce ta juya min kai. Foman ya maimaita, da faɗin baki, kamar shi ya gano. Birkila da sauran gwanayen dariya suka ce tsufa ne. Su ɗin da ko leƙa ramin suka kasa yi da rana tsaka.

Kafin Malama Takarda ta tafi na same ta tana naɗe igiya. Ban iya ba ta haƙuri ba, bakina bai saba ba. Na dai tambaye ta ko ita ma ta ji yana cewa Yaya.

Ta dakata da naɗin.

"Ni Mama na ji," ta ce. "Muryar 'yata. Shekararta huɗu."

Ta ci gaba da naɗin. Ko zagaye ɗaya bai karkace ba.

An cika tankin da ruwa, an gama ginin, mutane suna sha. Ni kuwa har yau in ƙanina ya kira ni daga bayan ƙofa ko daga wani ɗaki, ba na amsawa sai na ga fuskarsa. Ya kai ƙarata wajen Inna wai girman kai nake yi masa, ta kira ni ta yi min faɗa. Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri, ban dai fara amsa masa ba.