Kada A Riƙe Mata Gwiwa

"Namiji a ɗakin haihuwa? Ba dai ina raye ba!" Inna ta tare ƙofa da jikinta.

"Inna, ki yi haƙuri, ita ta ce in shigo..." in ji mijin Auta.

"Ita ta ce? To ni na haife ta!"

Auta tana jin su daga kan gado, naƙuda na murɗa mata baya. Ungozoma ta cire safar hannu ta leƙa.

"Ku shigo ku biyun. Amma ku tsaya wajen kanta. Daga ƙugu zuwa ƙasa nawa ne."

Auta ta san dalilin wannan doka. Ranar awon farko ungozomar ta duba ta, ta ja zane ta rufe ta, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Kina shekara nawa aka yi miki kaciya?"

"Bakwai."

Ta yi mata bayani dalla-dalla: tabon ya haɗe ya matse hanya, ranar haihuwa sai an yi allurar kashe zafi an buɗe shi. Auta ta ce ita almakashi ba ya ba ta tsoro. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne a danne mata gwiwa. Ungozomar ba ta tambayi dalili ba, ta dai rubuta a katinta da jan biro.

Mijinta, wanda take tsokana da Direba, ya san tabon. Watanni ya yi yana haƙuri da ita bayan aure, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma bai san hannun wa ya danne ta ranar kaciyar ba. Shekara ashirin tana rufa wa Inna asiri, don ta san matar nan ko ƙuda ba ta so ya sauka a kanta.

"Sannu, hasken idona," ya ce yana share mata gumi.

"Kai ka ja min... wayyo!"

"Na amsa laifina. Ki rama in kin tashi."

Ungozoma ta ɗora na'ura a cikin, ta saurara. Fuskarta ta canja.

"Kan jaririn ya iso tabon, ya tsaya. Bugun zuciyar yana raguwa. Na yi allura, yanzu zan buɗe. Auta, ware min ƙafa."

Kafin kowa ya ankara Inna ta zagaya ta cafke gwiwoyinta biyu.

"Daure, 'yar albarka, yanzu za a gama!"

Kalmomin nan! Su ɗin dai, ba a canja ko ɗaya ba. Ɗakin ya ɓace wa Auta. Sai tabarma, sai ƙarnin jini, sai nauyin hannu. Ta matse cinyoyinta gam, ta ƙwala ihun da ba na naƙuda ba.

"Inna, sake ta!" in ji ungozoma.

"Taimakonki nake! Yarinyar nan taurin kai gare ta."

"Ba zan yanka ta tana fizga ba. Kuma ba ni da lokaci!"

Direba ya yi cirko-cirko. Yaya zai ɓamɓare hannun surukarsa? Ya dubi matarsa, idonsa ya cika.

Auta ta ga babu wanda zai faɗa in ba ita ba. In ta faɗa, ta tozarta uwarta a gaban suruki. In ta yi shiru, abin cikinta zai tafi.

"Inna..." ta ce. "Hannunki ne. Ranar nan ma haka kika ce min."



Yatsun Inna suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ta ja da baya har ta bugi bango.

Auta ta sa hannunta biyu ta kama gwiwoyinta da kanta. Direba ya tallafo kafaɗunta.

"Zan taɓa ki yanzu," in ji ungozoma. "Kin yarda?"

"Na yarda."

Ƙarar almakashi sau ɗaya. "Nisha! Ƙara! Ƙara, Auta!"

Sai shiru mai tsawo, ungozoma na murza ɗan ƙaramin baya da tawul. Sannan kuka ya tsage ɗakin.

"Mace ce!"

Direba ya kifa goshinsa a na matarsa yana kuka kamar yaro. Da aka gama ɗinki, Auta ta waiga. Inna na nan jikin bango, ta cusa hannayenta cikin mayafi.

"Ni ma haka aka danne ni," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ɗauka gata nake miki."

"Na sani. Zo ki karɓe ta."

Inna ta fito da hannayen ta dube su. "Da waɗannan?"

"Da su. Amma ki faɗa tukuna, a gabansa."

Inna ta matso, hawaye na bin kumatunta. Ta dubi surukinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Muddin ina numfashi, reza ba za ta taɓa yarinyar nan ba."

Sai a lokacin Auta ta sassauta hannunta, ta miƙa mata jaririyar.