Tekun da Jacira Ta Zaɓa

Jacira ta zaɓi hoton da bai kamata ba. Daga nan komai ya ɓaci.

A shagon ulu da take aiki ta fara ganin Valdemir. Direban motar yashi ne, uwarsa ta aiko shi sayen zare, ya ƙame gaban kantar shagon.

"Wane launi aka aiko ka?" ta ce.

"Shuɗi."

"Wane shuɗin? Tara ne a nan."

"Na shiga uku. Wa ya ƙaro takwas?"

Ta yi dariya ta zaɓar masa. Kafin wata uku, duk garin Diamantina an san ƙofar da motar yashi ba ta kwana biyu ba ta je ba.

Uwarsa, Dona Zulmira, shekara arba'in tana ɗinka hoto a ƙyallen raga, kuma ɗalibarta Neuza ta so ya aura. Sai ta fito da dokar gidansu: duk mai shigowa sai ta ɗinka zanen wani gwani da hannunta, ita kuma ta juya bayan ƙyallen ta duba. Gaba ba ta kallo. Ta ce gaba kowa ya iya gyara shi.

Jacira ta so burgewa. Ta tsallake furanni, ta ɗauki zanen teku cikin hadari da ta gani a tsohuwar kalanda, baƙi a kan shuɗi mai duhu, raga kuma mai ƙananan ido. Duk mai riƙe allura ya san zare mai duhu ido yake ci. Ita ma ta sani. Taurin kai ne.

Wata biyar tana kai, saura rabi, idonta na hagu ya fara ganin hayaƙi. Likita ya ce ta ajiye allura ko na daman ma ya bi. Ta rubuta masa:

"Mir, tsoro nake ji. Na rufe idon dama yau, tafin hannuna ban gani ba. In na ajiye, Neuza ta same ka. In na ci gaba, makauniya za ka aura."

Ya amsa:

"Tsuntsuwata, ajiye. Gobe zan karɓi ƙyallen. Kar ki tambaye ni komai."

A ramin yashi ya ƙarasa shi, da tsakar rana, gilashin mota a rufe kar abokan aiki su gani. Yana yaro ya koya da kallon uwarsa. Neuza ta gan shi sau biyu yana sayen baƙin ulu, ba ta ɓata lokaci ba ta kai wa uwarsa labari.

Ranar Lahadi suka kai aikin. An zuba kofi, ga burodin cuku, ba wanda ya taɓa. Dona Zulmira ta juya ƙyallen. Yatsarta ta bi layi a hankali, ta kai tsakiya, ta tsaya.

"Daga nan hannu ya canza."

Ta ɗago kai ta kalli ɗanta.

"Bahago ne. Yana jan zare kamar mai ɗaure kaya a mota. Bahago ɗaya na haifa."

"Mama, ni na ƙwace mata..."

"Rufe min baki, sakarai. Ke yarinya, me ya hana ki gamawa?"

Tsohuwar ta matso, ta daɗe tana kallon fuskar Jacira. Sai ta sa tafi ta rufe mata idon dama.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ban gani ba, Dona Zulmira."

Hannun tsohuwar ya sauka. Ta zauna.

"Wa ya aike ki ɗaukar duhu?"

"So na yi ki ce na iya."

"Rabinki ba ƙulli ko ɗaya." Tsohuwar ta shafa bayan ƙyallen. "Kin iya, ja'ira. Kin fi ni."

Bayan Ista aka ɗaura aure a cocin unguwa. A bakin ƙofa Dona Zulmira ta riƙe kan amarya da hannu biyu ta ce, "Allah Ya tsare miki na daman, 'yata. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irinku ba." Daga ranar ba ta ƙara sa wata yarinya ɗinkin gwaji ba.

Tekun yana bangon falonsu, bayansa ne a waje, haka tsohuwar ta rataye shi. Idon hagu bai dawo ba. Jacira shekararta ashirin da uku a lokacin, ba ta sake zura zare a allura ba.