Ma'aunin Da Ya Karkace

Hular awo ta sauko a hankali daga rufin ɗakin, ta zauna a kan Hansatu, sanyin ƙarfenta ya ratsa kitsonta. Ƙananan fitilu suka kewaye goshinta suna ƙyaftawa, na'urar ta shiga awon sinadaran da ke kai-komo a ƙwaƙwalwarta. Kullum da hantsi haka ake yi, a ɗakin da Cibiyar Daidaito ta ware mata a can saman bene, inda take hango jiragen ƙasa marasa direba suna ratsa sabuwar Zariya bisa gadojinsu.

A zamanin da, lalube likitocin ƙwaƙwalwa suke yi. A ba majinyaci ƙwaya, a jira makonni, in ta sa shi yawan barci ko rawar hannu a rage, in ba ta yi aiki ba a canza wata. Sai Dakta Sanda ya ƙirƙiro Tsaba, wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar wake ba, wadda ake dasawa a bayan kunne. Tana ɗauke da magunguna, tana auna mai ita, tana ɗiga masa abin da ya kamata. Amma dole sai an nuna mata yadda lafiyayyar ƙwaƙwalwa take. Da aka auna masu lafiya da dama, sai aka tarar babu biyu da suka zo ɗaya, na'urar ta rikice. Ajiyayyen awo ma bai yi ba, domin jiki na sauyawa da bazara da damina da azumi. Shi ya sa aka nemi mutum ɗaya mai rai da za a riƙa aunawa kullum, a aika awonsa ga kowace Tsaba a birnin.

Hansatu aka zaɓa, tsohuwar ungozoma da ba a taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba. Saboda ƙanenta Mudi ta yarda. Ya shafe ƙuruciyarsa yana jin muryoyi, yana ɓuya a bayan ƙofa don gudun mutanen da babu su. Ta tambayi Dakta Sanda ko ciwon ba ya bin jini, ya yi murmushi ya ce awo ya nuna ita ta tsira. Yanzu ga Mudi da Tsabarsa, yana gyaran birkin jirage, har ya yi aure.

Ran nan hular na kanta ta ji an kira sunanta. Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnenta na hagu.

"Hansatu. Sun gane ki."

Ta tambayi na'urar ɗakin ko wani ya shigo. Na'urar ta ce ita kaɗai ce. Zuciyarta ta hau dukan uku-uku, nan take kuma wani tsoron ya hau kan na farko, don ta san wannan bugun ma ana auna shi, ana raba wa dubban mutane. Ta runtse ido tana salati, tana lallashin ƙirjinta kamar yadda ta saba lallashin mai naƙudar fari.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa kanta gajiya ce. Muryar kuwa ta dawo washegari daga famfon wanka, rana ta uku kuma daga cikin fanka. Ta daina cin abincin da ake kawo mata, domin muryar ta ce an zuba masa wani abu. Kullum da hantsi ta zauna, hular ta sauko, ta kwashi abin da ta samu ta aika.

Wata la'asar Mudi ya zo gaishe ta. Bai zauna a kujerar da ya saba ba, ya raɓe a kusurwar da yake iya ganin ƙofa. Ya ce kwana biyun nan fasinjoji na yawan kallonsa, kuma matarsa ta fara magana da wasu a waya in ya juya baya. Yana faɗa yana taɓa bayan kunnensa.

"Yaya, na je an duba Tsabar. Sun ce ƙalau take, na yi daidai da ma'auni."

Nan take Hansatu ta gane. Ita ce ma'aunin. In sinadarin da ke haifar da muryoyi ya hau a kanta, Tsaba za ta ɗauka hakan ne lafiya, ta janye maganin da ke danne shi a kan kowa.

Ta yafa mayafi ta kama hannunsa suka sauka. A titi ta ga abin da ba ta iya hangowa daga bene. Wata mai sayar da fura ta bar ƙwaryarta tana gardama da bango. Wani magidanci cikin rigar ofis ya tsaya cak a tsakiyar hanya, motoci masu tuƙa kansu sun yi layi suna jiransa, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Duk wanda ta duba, akwai ɗan tabon nan a bayan kunnensa. Muryar ta yi dariya ta ce, "Duk aikinki ne."

Ta tarar da Dakta Sanda a gaban katon allonsa, ransa a jagule. Kafin ta yi magana ya ce ana ta kawo rahoton tashin ciwo daga unguwanni, amma na'ura ta nace cewa ba a taɓa samun makon da majinyata suka dace da ma'auni kamar wannan ba. Sai ta gaya masa komai, muryar da famfon da abincin.

Ya saurare ta har ta gama. Can ya ce kada ta damu, ciwo ne irin kowane ciwo, sinadari ne ya yi yawa, yau ɗin nan za a dasa mata Tsaba.

"To, likita," in ji ta, "ni da wa za a auna ni?"

Ya juya ya dubi allon, babu wani ma'auni a ciki sai ita. Ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ɗakin.

Kafin magariba aka katse hular. Amma kowace Tsaba ta tsaya a kan awon ƙarshe da ta karɓa, kuma babu hanyar gyara ta sai likita ya zauna da mai ita, ya tambaye shi abin da yake ji, ya ƙiyasta maganin da kansa. Likitocin Cibiyar matasa ne, allo aka koya musu karantawa. Aka shiga neman tsofaffin da suka yi ritaya, wasu sun rasu, wasu ido ya tafi.

Farfajiyar Cibiyar ta cika har bakin titi. Wasu na kuka, wasu sun toshe kunnuwa da hannu, 'yan'uwansu na riƙe da su. Hansatu ta ƙi ɗakin da aka ba ta a ciki, ta zauna a ƙasa cikin layin kusa da Mudi. Hannunta na rawa, ta kasa tsayar da shi. Muryar na ta faɗa mata cewa mutanen nan sun san ko ita wace ce, kuma yanzu za su taso mata.

Mudi ya dube ta, ya ga yadda ta karkata kai.

"Yaya, ke ma kina jinsa?"

Ta gyaɗa kai.

"Kada ki amsa masa. In kika amsa, ƙara baki yake yi. Ki kalli abu ɗaya, ki riƙa faɗin sunansa a ranki. Haka nake yi kafin a kawo Tsaba."

Ta kafa ido a kan takalminsa mai tabon baƙin mai, tana maimaita sunan a zuci. Can gaba, ta ƙofar da aka bari a buɗe, wani matashin likita ya ja kujera ya zauna a gaban majinyacin farko. Ya kalli fuskar mutumin, ya waiga yana neman allo, ya sake kallonsa. Bai san da wace tambaya ake farawa ba.