Dunƙulen Ƙasar Ordgar

Rana ta kusa faɗuwa Drogo ya ɗaura wa dokinsa sirdi, ya soke wuƙa a ƙugu. Barde ne daga Normandi ta ƙasar Faransa, ɗan auta wanda bai gaji ko taki ɗaya na gona ba. Da aka ci Ingila da yaƙi, sarki ya ba shi ƙauyen Harnli, ƙasar wani dattijo Ordgar da ya mutu a fagen daga. Burin Drogo ɗaya ne: ya kafa gida, ya ɗauko matarsa da ɗansa Fulk daga ƙetaren teku. Amma mutanen ƙauyen sun ƙi kafa masa garma.

"Ranka ya daɗe, ba raini ba ne," in ji Leofsi, tsohon wakilin ƙauyen. "A nan ƙasa ba ta zama ta mutum sai mai ita ya yanko dunƙulen ƙasa da ɗan reshe, ya sa maka a hannu gaban shaidu, sannan ya fice ya bar ka a ciki. Wa ya sa maka?"

"Mai ita ya ruɓe, tsoho. Ni zan yanko abina."

"Ba a ɗauka, maigida. Bayarwa ake yi."

Drogo ya yi tsaki. Mutum ne mai gaggawa, ga kewar ɗansa tana cinsa, kuma wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ya bi gefen gonakin sha'ir zuwa tsohuwar bishiyar da ke kan iyaka. Hazo yana tasowa daga fadama. Ƙararrawar coci ta kaɗa a bayansa, ta yi shiru. Hankaki suka daina kuka. Dokin ya toge, ya ƙi gaba, dole ya sauka ya ƙarasa da ƙafa yana jansa da ƙarfi.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, kamar an tone rami yanzu.

Ya durƙusa, ya zaro wuƙa. Sai ya ji ana yanka a ɗaya gefen bishiyar. Ƙirit. Ƙirit.

Wani dogon mutum ya miƙe. Sulkensa duk tsatsa, gemunsa cike da saiwoyi. Numfashin Drogo yana fita da tururi saboda sanyi. Na mutumin babu.

"Baƙo," ya ce da raɗa, "kai ne mai son ƙasata?"

Drogo ya ce, "Sarki ya ba ni."

"Sarki bai da ita. Ni ke da ita, kuma na gaji da tsaronta. Miƙo hannu."

Ya san ya kamata ya gudu. Amma ya tuna Fulk, ya tuna rashin gado. Ya miƙa.

Dunƙulen ya sauka a tafinsa, sanyi har ƙashi. Yatsu suka rufe wuyan hannunsa.

Suka ja shi ƙasa.

Gwiwarsa ta nutse. Ƙugunsa ya nutse.

Ya cafki linzamin da ke reto, ya kurma ihu. Dokin ya zabura, ya fizge shi waje.

Da ya waiga, Ordgar ya tsallake iyaka, yana tafiya cikin hazo ba ko waiwaye, kamar leburan da ya sauke kaya.

Washegari Leofsi ya dubi hannun, ya cire hula, ya sa aka fito da shanun noma. Harnli ta yi albarka. Aka gina gidan dutse, aka ƙaro dazuzzuka da injin niƙa na ruwa, sunan gidan ya kai fada. Sai dai tafin Drogo bai sake bushewa ba, kullum da danshin ƙasa. Duk ranar da ya nufi iyaka kuma, ƙafarsa sai ta fara nutsewa. Wasu ya aika suka ɗauko masa iyalinsa.

Ranar da Fulk ya iso, ya sheƙo da gudu yana "Baba! Baba!" Drogo ya ɓoye hannunsa a baya, don kada ƙasar ta kama yaron shi ma. Haka ya rayu, bai taɓa shafa kan yaron ba, ɗan kuwa ya girma yana zaton ubansa ba ya ƙaunarsa. Abin da ya fi ci wa Drogo rai ke nan.

Da ajali ya zo, yana kwance bai san inda kansa yake ba, Fulk ya durƙusa gefen gado. Ya kama hannun da aka hana shi tun yana yaro, ya riƙe gam.

Da Fulk ya buɗe nasa tafin, ga dunƙulen ƙasa da ɗan reshe.