Gwiwar Ramota

"Mufutau, matarka ta fi ƙarfin gaishe ni ne?"

Iya ce ta jefa wa ɗanta tambayar a tsakar gidansu na Iseyin, a ƙasar Yarabawa, ko rage murya ba ta yi ba. Ramota na ɗaki tana shayar da Sodik, komai a kunnenta. Tun 'yan kwanaki bayan ta haihu gwiwarta ba ta sake taɓa ƙasa a gaban surukarta ba, sai dai ta ɗan rusuna a tsaye ta wuce da sauri. A gidan nan kuwa, ko ruwa matar ɗa za ta miƙa wa babba, sai gwiwa biyu a ƙasa.

Iya ta yanke magana. Bikin autarta na tafe, ranar matan gida za su jeru su durƙusa wa dangi. In Ramota ta tsaya ƙiƙam a gaban mutane, to ta tattara ta koma gidan ubanta ta koyo ladabi.

Mufutau ya shigo, zaren saƙa maƙale a rigarsa. Bai yi faɗa ba, dama faɗa ba halinsa ba ne. Ya zauna kusa da ita ya ce, "Maman Sodik, na san halinki. Me ke damunki?"

Ta gyara wa jaririn kwanciya, ta faɗa wa mijinta gaskiya. Tun doguwar naƙudar da ta sha, in ta yi atishawa ko dariya, ko ta durƙusa ta yunƙura za ta tashi, sai fitsari ya kufce mata. Ranar da abin ya fara faruwa a gaban baƙin Iya, a durƙushe ta zauna har suka tafi.

"Gara a ce ba ni da kunya," ta ce, hawaye na zuba, "da a ce ina zarni..."

"Shi ne kika bari ana zaginki, ke kaɗai? Haba, masoyiyata. Ɗana fa kika haifa."

Washegari ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Shi kaɗai ne namiji a layin, rungume da jariri, mata suna ta tsokanarsa wai shi ma jego yake. Murmushi kawai yake musu. Likitar ta duba Ramota, ta ce naman da ke tallafe da mafitsara ne haihuwa ta sassauta, kuma mata da yawa na fama da haka a ɓoye. Ta koya mata yadda za ta riƙa matse wurin kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan jira, ta saki, sau da yawa kullum. Banda ɗaukar kaya mai nauyi, sannan sai haƙuri, don abin na cin watanni.

Daga ranar Mufutau ya karɓe jan ruwa a rijiya. Abokansa masaƙa suka sa masa suna amaryar gida, ya amsa abinsa. Ramota takan leƙo ta taga ta ga ƙato da bokiti a kai, sai ta ji sonsa ya cika mata ƙirji har tana rasa inda za ta sa kanta. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya gaya wa Iya.

Sauƙi ya fara samuwa, amma biki ya riga warkewa zuwa. Matan gida suka jeru cikin anko, makaɗa suka sassauta. Ramota ta ƙudurta za ta durƙusa, abin da zai faru ya faru. Ta fara lanƙwasa gwiwa ke nan ta ji an riƙe mata hannu.

Mufutau ne. Ya wuce gabanta, ya zube rub da ciki a ƙasa da sabuwar babbar rigarsa, goshinsa dab da ƙafar mahaifiyarsa.

"Iya, ga gaisuwar matata. Tana hannun likita tun haihuwar jikanki. Har ta warke, durƙusonta a wuyana yake."

Iya ta dubi ɗanta, ta dubi Ramota, ta miƙe ta ce mata ta biyo ta ɗaki.

Ramota ta bi ta ciki. A tsaye ta faɗi komai, ba ta rage ba, har da yadda likita ta koya mata. Ta gama ta sunkuyar da kai tana jiran hukunci.

Sai Iya ta matsa gefe a kan gadonta.

"Zo ki zauna nan, 'yata. Ba inda za ki."

Ramota ta zauna a ɗarare. Tsohuwar ta kalli ƙofa, ta rage murya kamar mai tsoron bango ya ji.

"Tun da na haifi mijinki nake ɗaura zane biyu, ko uban 'ya'yana bai sani ba har ya rasu." Ta share ido da gefen ɗankwalinta, ta kama hannun Ramota. "Wannan matsewar da kika ce... tana yi wa tsofaffi aiki?"